Miyar Ishaya da Na Binne

Kwalba goma sha uku na binne, ba goma sha huɗu ba. Da wannan zan fara, domin tun kuna yara kuke ƙirga ta ba daidai ba. Duk Kirsimeti da an sauke miya sai wani a cikinku ya ce, "Jama'a a ci da sauri kafin Mama ta ɗauko fartanya," a kwashe da dariya, ni ma in taya ku. Na taya ku dariyar nan shekara da shekaru ban ce uffan ba. Yanzu Gwaggonku Laraba ta tafi wurin Ubangiji, babanku ya riga ta, ni kuma idona ya fara gajiya da biro. Dauda, Hannatu, Rahila, da kai Ishaya ɗan Yaya Laraba, wanda miyar ma taka ce, ku zauna ku ji inda kwalba ta goma sha huɗu ta shiga.

Kun san ban yi dogon karatu ba. Aikina a Samaru wanke kwalabe ne a wani ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, shekara ashirin da shida, kullum daga Jushi in taka zuwa PZ in hau bas. Amma kada wanda ya raina mai wankin kwalba. Ɗalibai sun zo sun tafi da digirinsu, wasunsu har yau ba su san abin da na sani ba. Wanda ya koya mini shi ne Oga Sunday, babban ma'aikacin ɗakin, mutumin kudu da ya tashi a Sabon Gari, yana jin Hausa amma har ya mutu "kai" yake ce mini. A watana na biyu ya kama ni ina tafasa kwalabe a kan risho domin babbar tukunyar turara kaya, wadda muke kira otokilef, tana ba ni tsoro. Bai yi faɗa ba. Ya sa na ɗebo ƙasa daga bayan ɗaki, ya zuba a romon nama, ya raba kwalba biyu ya toshe. Ɗaya ya ce in tafasa awa guda cur, ɗaya ya jefa a otokilef minti ashirin. Bayan kwana uku ya kira ni.

"Saratu, zo kai duba. Wanne ne naka?"

Tawa ta yi dumu-dumu kamar ruwan kwata, tana wari. Tasa tana nan garau.

"Amma Oga, na tafasa ta sosai wallahi!"

"Ka tafasa. Su kuma sun yi barci, sun jira ka gama."

Tun daga ranar na shiga aikin da zuciya ɗaya. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne, hanyar kashe su ma iri-iri. Sabulu yana kwashe su, gishiri da rana suna busar da su, tsami yana hana su sakat, shi ya sa iyayenmu da kilishi da bandar nama a hayaƙi ba wauta suke yi ba. Tafasasshen ruwa yana kashe mafi yawansu. Amma akwai wasu 'yan taurin kai da ke zaune a ƙasa, in sun ji wuya sai su dunƙule su yi ɓawo kamar irin shuka, su jira. Ruwa kuwa in ya tafasa ya tafasa ke nan, ko icen duniya za ki tura masa zafinsa ba ya ƙaruwa. Sai in kin kulle tururin, kin hana shi fita, sannan zafin zai haura inda ɓawon nan zai fashe. In ba haka ba, kika rufe nama a kwalba babu iska, kin gina musu ɗaki ne, kin ajiye musu abinci. Su farka su zuba dafi, wani lokaci ko wari ba za ki ji ba, cokali ɗaya ya isa ya hana ƙato numfashi. Wannan na san shi kamar yadda na san sunana.

Wata malama da za ta koma ƙasarsu ta bar mini tukunyar firesha babba, mai cin kwalba bakwai, murfinta da kunnuwa da roba. A saman murfin akwai ɗan hanci inda tururi ke fita, da wani ɗan ƙarfe mai nauyi da ake ɗora masa, mu muna ce masa hula. Hular nan ita ce tukunyar gaba ɗaya. In tana kai, tururi ya taru, sai ki ji tana rawa tana tsuwwa. In babu ita, tukunyar miya ce kawai mai tsada. Na fara da tumatir lokacin da ya yi araha, na koma miyar nama, ina liƙa wa kowace kwalba ɗan salatef na wurin aikinmu, wanda ke fito da baƙin zane in zafi ya kai. Wutar lantarki ta tafi mako biyu ma ba ruwana. Maƙwabta suka sa mata suna jirgin ƙasan Saratu, domin in ta taso har bakin titi ana jin ta.

Mutum ɗaya ce in jirgin ya taso take barin gidan, Yaya Laraba, yayar babanku. Ban da Ishaya, ku kun san ta da tsufa, ba ku san ta da ƙarfinta ba. Ita ta raini babanku bayan uwarsu ta rasu, da kuɗin ƙosai ta kai shi makaranta, ko gemunsa ya yi fari ba ya zama a kujera in tana tsaye. Mijinta ya mutu ya bar ta da ɗa ɗaya tilo, Ishaya. Gida ɗaya muke, ɗakinta yana kallon nawa. Tsoron tukunyar kuma ba na banza ba ne: a gabanta ƙaramar tukunyar wata maƙwabciyarmu, Mama Ngozi, ta tashi da wake har rufin kwano, ta saɓule wa matar fatar wuya. Yaya ce ta riƙe ta har asibiti. Daga nan ko butar shayi ta yi ƙara sai ta zabura.

Shekarar da nake ba ku labari, na haife ki Rahila saura kwana goma Kirsimeti. Uwata ta rasu, don haka Yaya ce ta karɓi wankan jegona. Safe da yamma tana hura wuta, ta dafa ruwa da ganye, ta zaunar da ni ta fyaffyaɗa mini a jiki, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Ko uwar da ta haife ni iyakar abin da za ta yi ke nan. A makon nan matan cocinmu suka yi watanda, aka yanka sa aka raba kashi-kashi, Yaya ta ɗauki kashi biyu. Dalili, Ishaya ya zo hutu daga ƙauyen da aka tura shi koyarwa, tafiyar kwana biyu, ya dawo kamar sanda, wuya duk jijiya. Washegarin Kirsimeti ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, tana wasa da ƙafar jaririya, ba ta kalle ni ba.

"Maman Dauda, miyar nan taki ta kwalba, wata nawa take yi?"

"Har shekara, Yaya, in an yi ta daidai."

"Soyayyen nama in na ba yaron nan, kwana uku ya rabar wa mutane. Ara mini jirgin naki."

Kai, daɗin da na ji! Matar da ta raina tukunyata shekara biyar, yau ta zo aro da bakinta. Daɗin nan ne ya rufe mini ido. Da na ce ta soya naman ta jira in tashi mu yi tare. Maimakon haka na kishingiɗa ina ba da umarni kamar wata farfesa: ruwa iya nan, kwalba bakwai-bakwai, ga salatef, in tururi ya fito sosai a ɗora hula, daga lokacin da ta fara tsuwwa a ƙirga awa ɗaya da rabi. Ta ce to, to, ta ji. Na miƙa mata hular a tafin hannu, na ga yadda ta karɓe ta da yatsa biyu kamar kunama, amma ban kawo komai a raina ba.

Yini guda ina kwance ina jin aikinta. Na ji faskaren ice, na ji jajjage, ƙamshin miya ya cika gida har Dauda yana leƙe. Abu ɗaya ne ban ji ba. Jirgi bai taso ba. Tukunyar da ke hana unguwa barcin rana, ga ta taku goma daga gadona, shiru kake ji. Na ce wa kaina wataƙila barci ya ɗauke ni. Ƙarya nake, ban runtsa ba. Da yamma ta zo da ruwan wanka, gumi na zuba, fuskarta fal murna, ta ce kwalba goma sha huɗu sun kammala. Maganar tana bakina. Na dubi hannun da ke matse mini tawul a baya, na haɗiye. Ga laifina, kuma ban taɓa ɗora wa kowa ba: da na yi magana a ranar, da an buɗe kwalaben an sake dafawa, ko mu cinye a gida, ko tsoka ɗaya ba za ta salwanta ba. Kunya ta sa na yi shiru kwana tara.

Ana gobe Ishaya zai tafi, na lallaɓa na fita tsakar gida. Kwalin yana ƙofar ɗakinta, an jera kwalaben da tsumma a tsakani. Na ɗaga ɗaya. Salatef ya yi ɗan toka-toka, babu baƙin zane. Na ɗaga ta biyu, ta uku, har ƙasa. Hular kuwa ga ta can a kan taga, cikin gwangwanin ashana, ko tabon tururi babu.

"Yaya, kin sa wa tukunyar hula kuwa?"

"Awa uku na bar su suna tafasa. Ke kin ce ɗaya da rabi, na ninka miki."

"Hular fa, Yaya?"

"Ke, kina so ta tashi da ni ne? Ga mai jego, ga jinjiri a gida. Ruwan da ya tafasa awa uku, wane abu ne zai rayu a cikinsa? Da tafasasshen ruwa nake miki wanka, kin mutu?"

Na durƙusa har ƙasa, da ɗanyen jikina. Na yi mata bayanin ɓawo, na yi bayanin tururi, na ba ta labarin kwalaben Oga Sunday. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta ɗaga ta a rana, miya ja wur, mai ya kwanta a sama, gwanin kyau.

"Nuna mini ƙwayar cutar. Ina take? Shekara talatin ina ciyar da mutane a garin nan, ba wanda ya taɓa ciwon ciki. Yau 'yar wankin kwalba za ta ce zan kashe ɗana?"

Babanku ya shiga tsakani, kamar yadda ya saba, yana neman hanyar da ba wanda zai ji ciwo. Ya ja ni ɗaki ya ce ai ni da kaina na taɓa cewa in aka tafasa abin sosai bayan an buɗe, dafin yana mutuwa. A gaya wa Ishaya ya riƙa tafasawa, shi ke nan. Gaskiya ne na faɗa. Amma na tambaye shi ko Ishayan da ya sani ne. Ishaya, kada ka ji haushi, kai ma ka san kanka. Yaron da ke cin abinci a tsaye daga tukunya, wanda ba shi da risho a ƙauyen, wanda zai dawo daga aji da yunwa ya kwaɓa garin rogo ya buɗe kwalba ya sa cokali, ya kuma kira abokansa malamai su taya shi. Asibiti kuwa tafiyar yini. Babanku ya ce shi dai ba zai iya taɓa kayan Yaya ba, ko da wuƙa a wuyansa. Na ce na sani, ba kuma na roƙe shi ba.

Da safe Yaya ta fita sayo wa Ishaya burodin tafiya, shi kuma ya je sallama da abokai. Na kwantar da Rahila, na ɗaure cikina da zane, na ɗauki fartanya. Bayan gida, gindin gwanda, na haƙa rami har gwiwa don kada kare ya tono. Jiri yana ɗibana ina haƙa. Na jera kwalaben na bi su da bayan fartanya ɗaya bayan ɗaya, ina kawar da fuska, na zuba toka na mayar da ƙasa. Naman kashi biyu, da icen da ta faskara, da yinin da ta yi a bakin wuta. Na yi kuka, amma ban fasa ba, kuma in yau aka mayar da ni safiyar nan zan sake ɗaukar fartanyar.

Da ta dawo ta ga kwali babu komai, ta ga ƙasa a ƙafata, ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Ta ajiye burodin ta ce,

"Sannu da aiki."

Ruwan wankana yana kan wuta, ta sauke shi ta kwarar a kwata. Sauran kwanakin jegon ni na yi wa kaina. Ishaya ya tafi da gari da ƙuli-ƙuli, bai leƙo ɗakina ba. Kafin Lahadi magana ta zaga zumuntar mata: boko ya hau wa Saratu kai, ta binne abincin maraya don ba ita ta dafa ba. Matan da muke waƙa tare suka riƙa matsawa in na zauna a benci. Yaya kuwa shekara goma sha ɗaya ba ta yi mini magana kai tsaye ba, muna gida ɗaya. Dauda, kai ne ɗan aike, ka tuna: "Ka gaya wa uwarka ta kwashe shanyarta." Rahila, kin sha tambayata me ya sa Gwaggo ba ta taɓa goya ki ba. Ga dalilin, kuma ki yafe mini, kuɗin fartanyata ne kika biya.

Saura kwalba ɗaya. Ban fasa ta ba. Na sa ta a bokiti mai murfi na tura bayan buhunan masara a sito, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, don in kunyata Yaya na ajiye ta. Duk safiya sai na leƙa. Mako na bakwai na buɗe bokitin na ga murfin kwalbar ya kumbura ya yi tozo, mai yana tsattsafowa ta gefe, 'yan kumfa suna tasowa daga ƙasa a hankali, cikin miyar da ta tafasa awa uku. Ba zan rantse muku wace ƙwaya ce ba, ban auna ba. Amma abu mai rai ne, kuma da yana cikin jakar Ishaya. Na kira babanku ya gani. Ya dafa bango.

"Ɗauko mu kai mata. Yau za a wanke ki a gidan nan."

Na ce ya bari in je ni kaɗai. Na ɗauki bokitin, zuciyata har tsalle take, na tsara maganar da zan faɗa tun daga sito. La'asar ce, labulenta a sake. Ina isa ƙofa na ji muryarta, tana addu'a da ƙarfi kamar yadda ta saba, kamar Allah yana da nisa. Sunan Ishaya take kira. Tana cewa shi kaɗai aka ba ta, a tsare shi daga ruwan ƙauye da macizai da mugun abinci, tun da ita an hana ta ciyar da shi. Na tsaya riƙe da bokiti. Sai na tuna shekarar da mijinta ya mutu, yadda ta ɗora wa kanta cewa ita ta yi jinkirin kai shi asibiti, ta daina cin abinci har sai da aka riƙa ɗura mata kunu, shekara biyu ba ta dawo daidai ba. Wannan don jinkiri ne kawai. To in na ɗaga labulen nan na nuna mata abin da ta dafa wa ɗanta da hannunta, ta naɗe da tsumma, ta jera a kwali? Ni za a wanke, ita kuma ba za ta sake ɗaga ludayi ba har ta mutu. Fushi da ni yana riƙe da ita tsaye, tana cin abincinta tana suyar ƙosanta. Na juya.

Washegari na kai kwalbar Samaru, na sa ta a otokilef yadda take, na murɗa. Babanku ya yi mini alkawari ba zai faɗa ba, kuma ya cika, ko da yake na san abin ya ci shi duk ranar da ya ji ana yi da ni. Ni kuwa ban taɓa jin na yi asara ba. Na san abin da na sani, ba sai an tafa mini ba.

Yadda muka shirya ba wani abin labari ba ne. Wata rana ta leƙo ta ce in ba ta gishiri, na ba ta, shi ke nan. Da ciwon suga ya kwantar da ita, ƙafarta ta yi gyambo, ni na yi jinyarta shekara uku. Bandeji da almakashi a tukunyar nan nake turara su kullum, da hula a kai, taku goma daga gadonta. In ta fara tsuwwa sai ta toshe kunne ta ce, "Jirginki ya taso, Allah ya kai mu lafiya." Saura kwana huɗu ta cika, ina goge mata ƙafa, ta kama hannuna.

"Saratu."

Ran nan ta fara kirana da sunana.

"Miyar nan ta Ishaya. Kin yi mini ba daidai ba, amma ba zan je gaban Ubangiji da ita ba. Na yafe miki."

Ishaya, kana tsaye a bakin ƙofa a ranar, da furfurarka, ɗiyarka ta fari tana bayanka da goyo. Kai na kalla kafin in amsa mata, ka ɗauka kunya ce ta sa na ɗaga kai. Ƙirga ku nake yi, kai da 'ya'yanka biyar da jikar.

Na ce, "Na gode, Yaya."